Yadda ake dafa wake da shinkafa ya fito wara-wara, ba caɓewa ba ɗanyen wake

Wake da shinkafa na cikin girkin da kowa yake ganin ya iya, tunda ai ba tuƙi za a yi ba, ba wata miya za a haɗa ba, ruwa ne kawai da wuta. Amma kuma shi ne yafi saurin tona asirin mai girki, don babu miyar da zata rufa miki, in waken bai nuna ba haƙori zai faɗa, in shinkafar ta caɓe ido zai gani tun kafin a kai loma baki. Kuma matsalar guda ɗaya ce tak, wake da shinkafa ba lokaci ɗaya suke nuna ba. Wake yana son kusan awa 1 a kan wuta, wani ma ya wuce, shinkafa kuwa minti 20 zuwa 25 ta gama nata. Toh duk dabarar tana wajen sanin lokacin da zaki haɗa su, da yawan ruwan da ya rage a tukunyar a daidai wannan lokacin. (Ina cewa "ki" ne don sabo kawai, gwauraye da ɗalibai masu girka wa kansu har da ku ake.)

Awo da zaɓen kaya

Na mutum 4 zuwa 5, ki auni shinkafa kofi 3, wake kofi 1 da rabi, wato shinkafa biyu wake ɗaya. Ko da kofi ne ko da gwangwani duk ɗaya, in dai da abin da kika auna shinkafar da shi zaki auna waken da ruwan. Akwai masu son kai da kai, wake 2 shinkafa 2, ba laifi ba ne amma abincin yakan yi nauyi kuma waken ya danne komai. Wasu kuma ɗan barbaɗa wake suke sai ka yi ta lalube a faranti kafin ka samu ƙwaya ɗaya, wannan kam ni a wajena farar shinkafa ce aka dafa. A danye zaki ga kamar waken yayi kaɗan, kar ki ƙara, zai kumbura ya ninka kansa sau biyu ko fiye.

Wake dai fari ko ja duk suna yi. Jan yafi ɗan zaƙi kuma yana ba shinkafar kala mai kyau, ƙananan farare kuma sun fi riƙe jikinsu ba sa saurin farfashewa. Abin da yafi kala muhimmanci shi ne shekarunsa. Sabon wake yana nuna da wuri, wanda kuwa ya daɗe a ajiye musamman a wuri mai zafi da laima, ƙwayarsa taurarewa take daga ciki, sai ki yi ta ƙona gas yana nan ƙiƙam. Ki ɗebo a hannu ki duba, in kika ga hudoji a jiki ko gari-gari a ƙasan kwano, ƙwaro ya riga ki. Sannan ki sunsuna. Wake mai tashin warin maganin ƙwari ki haƙura da shi gaba ɗaya, kar ki ce wanki zai fitar.

Shinkafa kuma ki nemi gumi, wato wadda aka turara tun tana cikin ɓawonta kafin a casa, zaki ganta ta ɗan yi ruwan ɗorawa kuma ƙwayarta da ƙarfi. Wannan turarawar ce take sa ba ta saurin danƙo. Shinkafar tuwo kar ma ki fara, an yi ta ne don ta narke. Basmati tana yi amma ruwanta yafi kaɗan kuma sai kin bari waken ya kusa gama nuna kafin ki zuba ta, in sabon shiga ce ke ki fara da gumi tukunna.

Gyaran wake

Ki baza shi a tire ki tsince tsakuwa da ƙaiƙayi da waɗanda suka yi baƙi ko suka motse. Kar ki yi ganda a nan, tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓata wa mutum cin abinci gaba ɗaya. Ki zuba a roba ki cika da ruwa, duk wanda ya taso sama fanko ne ki kwashe ki zubar. Wanki sau 2 ko 3 ya isa kuma a hankali, ba murza zaki yi ba, don wake da ya ɗan sha ruwa in aka murza ɓawonsa sulluɓewa yake, mu kuwa a nan ɓawon muke so ya zauna, shi yake riƙe ƙwayar kar ta dagargaje cikin shinkafa.

Jiƙawa ba dole ba ce in waken sabo ne. In tsoho ne ki jiƙa shi awa 4 zuwa 6, ko ki zuba masa tafasasshen ruwa ki rufe awa 1, sannan ki zubar da ruwan jiƙon. Amfanin biyu ne, yana rage lokacin dahuwa, yana kuma rage kumburin cikin da wake ke sa wasu. Kumburin nan daga wasu nau'in sukari ne dake cikin wake waɗanda cikin mutum baya iya narkar dasu, sai sun gangara babban hanji ƙwayoyin halittar dake can su cinye su su fitar da iska. Su waɗannan sukarin suna narkewa a ruwa, shi yasa zubar da ruwan jiƙo ke ɗebe wani kaso daga ciki. Ba duka yake tafiya ba dai, gaskiya.

Tafasan farko da na biyu

Ki samu tukunya mai kaurin gindi mai murfi da ke zama daidai, kuma babba, wadda in komai ya kumbura ba zai kai baki ba. Ki zuba waken da ruwa ya sha kansa sosai, ki barshi ya ɓararraka minti 10, ki juye a kwando ki ɗauraye. Wasu suna tsallake wannan matakin don wai ɗanɗanon wake da kalarsa na bin ruwan, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ni ina yi, tunda ba ki san yadda aka ajiye waken ba kafin ya iso hannunki, kuma yana ƙara rage kumburin ciki da gafin nan na ɗanyen wake.

Ki mayar da shi tukunya ki zuba ruwan zafi kamar kofi 7, ki yanka rabin albasa a ciki, ki rufe amma ki ɗan bar ƙofa a gefe don wake yana kumfa yana tasowa. Wuta matsakaiciya. Ba a son ya yi ta tsalle a tukunya, hakan ke fasa ɓawon tun cikin bai nuna ba.

Sai maganar kanwa, wadda kullum sai an yi gardama a kanta. Kanwa tana aiki ne don tana kashe tsami, ruwan da aka sa mata yana saurin sassauta abin da ke haɗe jikin ƙwayar waken, sai ya yi laushi da wuri, kuma ita ce ke juya kalar shinkafar ta koma jaja-jaja ɗin nan da mutane ke so. Amma tana da tata illar. Tana lalata bitamin B1 dake cikin wake, in tayi yawa abincin ya yi bauri kamar an ɗiga sabulu, waken ya narke a waje, wasu kuma ta ɓata musu ciki. Don haka in sabon wake gareki ba ki buƙatarta sam. In tsoho ne ko kalar kike so, ki ɗauki gutsure da bai wuce girman ƙwayar wake 1 ko 2 ba, ki jiƙa a ɗan ruwa ta narke, ki bari yashin ya kwanta, ki tsiyaye ruwan saman kaɗai a tukunya. Kar ki jefa ta dunƙulenta, akwai ƙasa a jikinta. Wadda ba ta da kanwa bekin soda kwatan ƙaramin cokali yana yin aiki iri ɗaya. Da kin zuba kumfa zai taso fuu, ki ɗage murfin ki tsaya a wajen na minti 2 kar ya kashe miki wuta.

Ana yawan cewa wai gishiri ke hana wake nuna. Ba gishiri ba ne, hasali ma jiƙa wake a ruwan gishiri yana taimaka wa ɓawonsa ya yi laushi. Abin da ke taurara wake tsami ne, kamar tumatir ko lemon tsami in an sa tun da wuri, sai ruwa mai zartsi, sai kuma tsufan waken kansa. Ni ina jinkirta gishiri ne zuwa lokacin zuba shinkafa don kawai a lokacin nake sanin yawan ruwan da ya rage, sai awon ya fi daidai.

Lokacin haɗawa

Nan ne girkin yake gaba ɗaya, don haka kar ki dogara da agogo kawai. Bayan minti 25 da tafasa na biyu ki fara dubawa. Ki ɗebo ƙwaya 3 ko 4 daga wurare daban-daban a tukunyar, don wani gefen yafi wani samun wuta, ki bari su ɗan huce ki matsa tsakanin babban yatsa da manuni. In ya tsage gida biyu kika ga tsakiyarsa fari fat a bushe, da saura, ki ƙara minti 10. In ya lotse amma sai da kika ɗan sa ƙarfi, tsakiyar ta jiƙe amma da ɗan tauri kaɗan, toh yanzu ne. In kuwa ya murƙushe luguf ba ki ko matsa ba, kin ɗan makara, amma ba a yi asara ba, ki tace shi ki ajiye gefe, ki dafa shinkafar a cikin ruwan waken, in ta kusa tsotsewa ki juye waken a samanta su turara tare.

Ki tuna abu ɗaya, da zarar shinkafa ta shiga tukunya ita zata shanye ruwan, waken ba zai ƙara samun wata dahuwa mai yawa ba. Shi yasa gara ki ɗan wuce da shi kaɗan da ki zuba shinkafa da wuri. Wake mai ɗan laushi da yawa ana ci a more, wake mai garas-garas a cikin shinkafar da ta riga ta nuna kuwa gyaransa wuya.

Tun waken na kan wuta ki wanke shinkafarki, ki yi ta sauya ruwa har ya daina fitowa fari-fari, sau 3 ko 4, wannan farin sitaci ne kuma shi ke kawo danƙo. In mai tsakuwa ce ki rege ta da kyau. Ki zuba a kwando ta tsane.

Yanzu ruwa. Shinkafa kofi 3 ta gumi tana son ruwa wajen kofi 5 zuwa 5 da rabi. Hanya mafi tabbas ita ce ki tsiyaye ruwan waken a kwano ki auna, ki mayar da kofi 5, in bai kai ba ki cika da ruwan zafi, in ya yi saura ki ajiye shi kusa kar ki zubar. In kin saba kuma ba sai kin auna ba, ki zuba shinkafar ki baje ta, ruwan ya hau kanta da kamar gaɓa ɗaya ta yatsa, wajen santimita 2. Kullum ki fara da ruwa kaɗan, ƙari yana da sauƙi, ragewa ce ba ta da shi. Ki ajiye ruwan zafi a buta ko filas a gefe, kar ki ƙara ruwan sanyi a tsakiyar dahuwa, yana katse tafasa ya bar shinkafar ta jiƙe a waje cikinta da tauri.

Ki sa gishiri kamar ƙaramin cokali 1 da rabi, ki juya sau ɗaya har ƙasa don wake da shinkafa su gauraya, ki ɗanɗana ruwan. Gishirin ya ji amma kar ya kai yadda kike so a ƙarshe, don yaji na tafe da nasa gishirin da dunƙule. Daga wannan juyawar ki ajiye ludayi, kar ki sake taɓawa. Yawan juyi shi ke fasa wake ya kuma fito da danƙon shinkafa.

Ki ƙara wuta har ya tafasa, sai ki mayar matsakaiciya ki rufe. Bayan minti 10 zuwa 12 ki leƙa, zaki ga ruwan ya sauka ƙasa da shinkafar, ƙananan ramuka sun fito a sama suna huci. Ki ɗanɗana ƙwaya ɗaya. In tsakiyarta da ɗan tauri kaɗan daidai ne, tururi zai ƙarasa. In da tauri sosai ki yayyafa ruwan zafi rabin kofi ta gefe-gefen tukunya. Sai ki rage wuta can ƙasa, in gawayi ne ki janye mafi yawan garwashin ki bar kaɗan, ki shimfiɗa takardar foyil ko tsaftataccen ƙyalle a bakin tukunyar ki danne da murfi don tururin ya zauna. Leda kam don Allah a daina, ba a yi ta don zafi ba. Minti 10 a haka, ki kashe wuta, ki ƙara barinta minti 10 a rufe ba leƙe. Wannan hutun na ƙarshe mutane da yawa suna raina shi, alhali a nan ne laimar ƙasa ke hawowa sama ƙwayoyin su saki juna. Bayan nan ki ɗaga da cokali mai yatsu a hankali daga ƙasa zuwa sama.

Mai da yaji

Lokacin da tukunya ke turara ki soya mai. Man gyaɗa rabin kofi, albasa manya 2 yankan siriri, wuta matsakaiciya kina juyawa har ta yi ja-ja tana ƙamshi. Ki sauke tun kafin ta kai kalar da kike so don zafin man zai ci gaba da soya ta, in ta yi baƙi ɗaci zata yi ta ɓata man duka. Kar ki zuba ɗanyen mai a kan abinci, warinsa yana fitowa. In manja kike so ki narkar da shi da albasa a wuta kaɗan, ba sai ya yi hayaƙi ya koɗe ba, ni nafi son in haɗa su, man gyaɗa kashi biyu manja kashi ɗaya.

Yaji kuwa shi ne rabin daɗin abincin, kuma wanda kika daka da kanki yafi. Busasshen barkono kofi 1, ki cire hancin, ki shanya a rana ko ki ɗan gasa a busasshen kasko minti 2 har ya yi ƙaras. Busasshiyar citta kamar 2, masoro ƙaramin cokali 1, kanumfari 4 ko 5 kacal don yana da danne ƙamshin sauran, busasshiyar tafarnuwa kaɗan, dunƙule 4, gishiri. Ki fara daka citta da masoro da kanumfari tunda sun fi tauri, sannan barkono, ki ɗiga mai kaɗan a turmin don ƙurar ta kwanta kar atishawa ta kore ki daga kicin, dunƙule da gishiri su zo ƙarshe. Ki tankaɗe a rariya ki sake daka tsakin. In ba kya son zafi sosai ki daka ƙuli-ƙuli ki haɗa, yana sassauta yajin ya ƙara gardi. A kwalba busasshiya mai murfi zai yi makonni, in dai ba a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki.

Wajen zubawa, shinkafa a ƙasa, mai da albasarsa a kai, yaji kowa ya barbaɗa nasa. Yankakken tumatir da ɗanyar albasa da kokwamba da latas ko kabeji suna sa abincin ya sauka da sauƙi, kuma bitamin C dake cikin tumatir yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe na cikin waken. Dafaffen ƙwai ko soyayyen kifi in akwai madalla, in babu ma abincin ya tsaya da ƙafarsa, don busasshen wake kusan kashi 23 zuwa 25 cikin 100 nasa furotin ne, shinkafa wajen kashi 7, kuma abin da furotin ɗin shinkafa ya gaza a kai wake yana da shi, abin da wake ya gaza shinkafa ta cike.

In abu ya so ɓaci

In kika buɗe kika ga shinkafa ta nuna amma ruwa na kwance a ƙasa, ki cire murfin ki bar wuta kaɗan ya ƙone da kansa, in yayi yawa sosai ki juye a kwando ya tsane ki mayar ki turara minti 5. In ta fara kamawa kika ji ƙauri, kar ki kankare, ki juye na saman a wata tukunya nan take ki bar ƙanzon a inda yake. In shinkafa ta nuna wake bai nuna ba, abin da ya rage kawai ki yayyafa ruwan zafi kaɗan ki toshe tukunyar sosai ki bar ta a wuta mafi ƙanƙanta minti 15 zuwa 20, shinkafar zata ɗan yi laushi fiye da yadda ake so amma dai za a ci.

Masu tukunyar firesha, wato mai kulle tururi ta dafa da sauri, waken kaɗai zaki sa a ciki, minti 8 zuwa 10 daga lokacin da ta fara huci, kuma kar ki cika ta fiye da rabi don kumfar wake na iya toshe hancin. Ki bari hucin ya sauka, ki gwada ƙwayar da yatsa kamar yadda na faɗa, sannan ki ƙarasa da shinkafar a tukunyar kullum yadda aka saba. Wadda kuma waken da ta samu manyan jajayen nan ne masu siffar ƙoda, wannan ba irin namu na kullum ba ne, dole a jiƙa shi aƙalla awa 5, a zubar da ruwan, a tafasa shi tafasa mai ƙarfi ba ƙasa da minti 10 ba kafin a rage wuta, don yana da wata guba da zafi mai ƙarfi kaɗai ke kashewa, rabin dahuwa na sa amai da gudawa.

Ragowa kuma kar ki bar ta a tukunya ko a kula ta kwana. Dafaffiyar shinkafa tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe ƙwanta, in abincin ya daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame baya kashe gubar. Wake shi ma saurin lalacewa gareshi, zaki ga ya fara yauƙi yana tsami. Ki baza a faranti mai faɗi ya huce da wuri, ki sa a firij cikin awa 1 zuwa 2, ba tare da mai da salak ba, a cinye washegari ko jibi. Wajen ɗumamawa ki yayyafa ruwa cokali 2 ko 3, ki rufe, wuta kaɗan har tururi ya ratsa ko'ina ya yi zafi sosai har tsakiya, kuma iya wanda za a ci ki ɗiba, don sau ɗaya ake ɗumama shi.